Tsumma a Cikin Sitiyari

Ha'inci shi ne laifin da zan ba ku labarinsa, shi da ƙanwarsa kunyar banza, wadda kan sa mutum ya ga rami a gaban ɗansa ya yi shiru don kada a ce shi ya haƙa. Magabata sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wannan mutumin bai ji ba.

Mai gyaran jikin mota ne, garejinsa na ƙarshen layin bakanikai, daura da mai facin taya. Rumfar kwano ce, da tukwanen gas biyu ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi, da guduma kala-kala rataye a bango, ƙasa kuwa ta sha baƙin mai har ta yi sulɓi. Ba-Tabo ake ce masa, don in mota ta fito daga hannunsa, ko wanda ya buge ta ba ya gane inda ya buga. Hannu dai Allah ya ba shi. Zuciyar ce ba ta bi hannun ba.

Ƙananan motoci ne abincinsa, irin 'yan mitsi-mitsin nan da mutum huɗu za su iya ɗaga ɗaya su sauya mata wuri. Yakan sayi biyu iri ɗaya da suka yi haɗari, wadda gabanta ya mutu da wadda bayanta ya mutu. Sai ya yanka kowacce a tsakiya, ya haɗa lafiyayyen gaba da lafiyayyen baya, ya bi da walda, ya shafe, ya fesa fenti, ya shimfiɗa kafet a kan ɗinkin. Bai tsaya nan ba. A cikin sitiyarin mota akwai jakar iska, wadda in an yi karo take kumbura ta tare ƙirjin direba. Ita ma sai ya zare ta ya sayar daban, ya cusa tsumma a gurbinta don kada wurin ya yi ƙarar wofi in an ƙwanƙwasa. 'Yar fitilar da ke gaban direba mai nuna cewa jakar ba ta nan, sai ya ɗiga mata baƙin fenti ta ciki. Tsumman ma ba saya yake ba, matarsa ce ke tara masa tsofaffin kayan gida a buhu, a zatonta hannu yake gogewa da su.

Wani dillali ne ke kwashe motocin ya kai su nesa. Mai facin taya ya taɓa yi wa Ba-Tabo magana, ya ce wannan aiki fa akwai rai a cikinsa. Ba-Tabo ya yi dariya ya ce ƙaramar mota dama ƙwai ce, ranar da tirela ta taka ta, da jaka da babu jaka duk kanwar ja ce. Ya ce wanda ya sayi gwangwani ai ya san ba tankar yaƙi ya saya ba. Mai faci ya koma kan facinsa, don ba a yi wa mai ƙoshi wa'azin yunwa.

'Ya ɗaya gare shi mace bayan maza uku, Auta suke ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti can bayan gada, tana auren wani malamin makaranta, mutum mai sanyin murya amma mai taurin kai a kan gaskiya. Shi ne ya taɓa jan wani mai kantin magani har gaban alƙali a kan kwalbar maganin tari na jabu. Ba-Tabo ya san wannan sarai.

Auta na da ciki wata bakwai, kullum a bayan babur ɗin haya take zuwa aiki. Abin ya dami mijin. Ya daɗe yana tara kuɗi ba ta sani ba, har ya je wani gari ya sayo mata mota.

Ranar Laraba da hantsi suka shigo layin bakanikai, ita ce a kan sitiyari, tana ta danna ham tun daga bakin layi. 'Yar ƙaramar mota ce ruwan toka, tana ƙyalli. Bakanikai suka fito ana ta tsokana. Wani ya tambaya ko da cokali ake zuba mata mai, wani ya ce in ta mutu a hanya ba sai an kira janwe ba, a sa ta a jaka a rataya. Auta ta fito da ƙyar tana dafe da ƙugu tana dariya, ta ce duk hassada ce, masu tafiyar ƙasa.

Surukin ya durƙusa ya gaida Ba-Tabo, ya miƙa masa makulli ya ce, "Baba, mun kawo ta ka sa mata albarka, ka kuma duba mana. Ido irin naka ba mu da shi."

Ba-Tabo ya zagaya motar. Fentin ne ya fara tsinka masa zuciya, don shi ya haɗa kalar da hannunsa wata huɗu da suka wuce. Ya buɗe ƙofa, ya sa babban yatsa ƙarƙashin robar dokin ƙofa, ya ji tudun walda daidai inda ya san zai ji. Ya zauna ya murɗa makulli. Fitilun gaban direba duk suka kama, ban da ɗaya.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gumi ya karyo masa, ya ce zafin cikin motar ne. Ya fito ya fara kushe ta: ta yi ƙanƙanta, hanyar gada tirela ta yi yawa, mace mai ciki ba ta da abin yi a cikin gwangwani, a mayar wa mai ita. Fuskar surukin ta canza, don a gaban mutane ake ce masa abin da ƙarfinsa ya kai bai isa ba. Ya ce cikin ladabi, ya san ba babba ba ce, amma ta fi bayan babur, kuma kafin ya saya ya bincika, irin wannan tana da jakar iska, ƙarfen jikinta ma an yi shi ne don ya tare mutum. Ya ce ciniki ya riga ya faɗa, dillali ba zai karɓa ba sai da dalili. In kuwa akwai wani aibi da aka ɓoye masa, Baba ya nuna masa kawai, shi ya san inda zai kai dillalin.

Nan fa ake yin ta. In Ba-Tabo ya ɗaga kafet, duk bakaniken da ke tsaye a wurin ya san ɗinkin waye. In malam ya ja dillali gaban hukuma, sunan da dillali zai fara kira nasa ne.

Auta ta matso kusa da shi, ta rage murya yadda ba wanda zai ji. "Baba, na san fuskarka. Akwai abin da ka gani a jikinta ne? In akwai ka faɗa mini, wallahi a nan zan bar ta in hau babur."

Ya dubi cikinta, ya dubi bakanikan da suka kewaye su. Kalma ɗaya ake nema a bakinsa.

"Babu komai," in ji shi. "Lafiyarta ƙalau. Ki dai kawo ta ranar Asabar in duba miki birki."

Ta yi murmushi ta ce dama ta san kishi ne, don an riga shi saya mata. Bakanikai suka kwashe da dariya. Mai facin taya na tsaye a bakin rumfarsa, shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Suna fita Ba-Tabo ya rufe gareji ya nemi dillalin a waya. Ya ce masa lallai ya karɓi motar nan ya ba su wata. Dillali ya ce to, shi ba ya ƙi, amma wane dalili za a ba malam? Ya ce in aka fasa ƙwan nan, warinsa ba a gidansa kaɗai zai tsaya ba, Ba-Tabo ya tuna mota nawa suka yi tare. Ya ƙara da cewa ai sauran duk suna kan titi suna yawo, ba wadda ta rabe, me zai sa sai wannan? Ba-Tabo ya riƙe wannan maganar kamar mai nutsewa ya samu kara.

Daga nan ya wuce wurin mai sayar da kayan mota, wanda ya saba sayar wa jakunkunan, ya ce yana son ɗaya. Mutumin ya yi mamaki, ya ce yau kuma kura ce ke sayen nama? Babu a ƙasa, sai Asabar za a kawo. Ba-Tabo ya lissafa a ransa: Asabar zai mayar da jaka, ya kankare fentin fitila, ya ƙara ƙarfe biyu a ƙarƙashin ɗinkin, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kwana uku ne kacal. Ya manta cewa gobe ba a hannun bawa take ba.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Ranar Alhamis ya kira Auta sau biyu. Na farko ya ce ta riƙa tafiya a hankali. Na biyu ya yi shiru a waya har ta ce, "Baba, kana ji na?" Ya ce yana ji, dama gaishe ta zai yi. Sau biyu Allah ya buɗe masa ƙofa, sau biyu ya ja ta ya rufe.

Ranar Juma'a da safe, wajen ƙarfe bakwai da rabi, Auta ta kama hanyar asibiti. Ba tirela ce ta same ta ba. A mararrabar da ke gaban gada, wata 'yar ƙaramar mota irin tata sak ta fito ba ta tsaya ba, suka haɗu. Waɗanda suka gani sun ce ba wani gudu ake yi ba. Direban waccan motar, wani dattijo mai gilashi, jakarsa ta kumbura ta tare shi, ya fito da ƙafarsa yana share jini a leɓe. Motar Auta kuwa ta rabe biyu daidai bayan kujerar direba, kamar an ɓare gyaɗa. Gaba ya yi gefen titi, baya ya tsaya inda yake. Inda aka ɗaure bel ɗinta ya tafi tare da bayan, ƙirjinta da cikinta suka daki sitiyari.

Asibitin da take aiki nan aka kai ta. Abokan aikinta ne suka karɓe ta, suka yi abin da za su iya har azahar. Ba ita, ba abin da ke cikinta.

Bayan kwana huɗu, gida ya ɗan rage mutane, surukin ya zo da wata leda. Ya sami Ba-Tabo zaune a tsakar gida a kan tabarma, matarsa na gefe. Bai durƙusa ba. Ya zazzage ledar: takalminta ɗaya, wayarta da ta tsage, katin aikinta, sai wani dunƙulen tsumma. Ya ce jami'in da ke binciken haɗari ne ya kira shi ya nuna masa motar. Mota biyu ce aka ɗinke, lambar da ke jikin ƙarfen gaba daban, ta baya daban. Wannan tsumman kuma a cikin sitiyari aka same shi, inda ya kamata jaka ta kasance. Ya ce an kama dillalin tun jiya, bai dai yi magana ba tukuna.

Uwar Auta ta miƙa hannu ta ɗauki tsumman, ba don komai ba sai don abu ne da ya taɓa 'yarta. Ta warware shi a kan cinyarta. Shuɗin yadi ne da ya koɗe, da aljihu a jikinsa, an yi wa aljihun faci da jan zare. Ta daɗe tana kallon facin. Rigar makarantar Auta ce ta firamare, ita ta ɗinke aljihun da hannunta ranar da shuɗin zare ya ƙare mata.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago kai ta ce, "Baban Auta, wannan ba a cikin buhun da na ba ka yake ba?"



Surukin ya dubi Ba-Tabo, muryarsa na nan a sanyinta. "Ranar Laraba ta tambaye ka. Na ga lokacin da ta matso kusa da kai. Da muka koma gida ta ce mini, tunda Baba ya ce lafiyarta ƙalau, hankalina ya kwanta."

Ya tattara takalmin da wayar da katin ya mayar a leda. Tsumman ya bar wa uwar. Da rana ta yi sanyi 'yan sanda suka zo, ba su sha wahala ba, a kan tabarmar nan suka same shi.

A gaban alƙali an tambaye shi mota nawa ya yi wa irin wannan aiki. Ya ce goma sha tara. An gano shida. Sauran suna can kan titi ɗauke da 'ya'yan mutane, shi kansa bai san inda suke ba.

To, ga lissafinsa. Ya rasa 'yarsa guda ɗaya tilo mace. Ya rasa jikan da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Matarsa da suka yi shekara talatin da huɗu tare ta koma gidan ƙaninta da rigar nan a ƙullin zaninta, ba ta sake furta masa kalma ba. 'Ya'yansa maza uku, babu wanda ya taka ƙofar kurkuku. Surukin da ke ce masa Baba, a kotu "mutumin nan" ya ce. An sa wa gareji kwaɗo, an kwashe tukwanen gas da gudumomi. An yanke masa shekara goma sha biyu, yana da sittin da ɗaya a duniya. Kuɗin jakar iskar da ya zare daga motar nan kuwa, fanka ya saya da su ya rataya a rumfa, don zafi na damunsa in yana aiki.