Ƙwayar da Barira Ta Riƙa Tsallakewa

Barira ba ta tsoron haihuwa. Ta yi bakwai, ta san hanya. Abin da take gudu shi ne ta yi ta takwas a shekarar da ɗiyarta ta fari, Tsahara, ke ɗauke da cikin fari. A Malbaza in uwa da ɗiya suka haɗu a jego, matan bakin rijiya sun samu abin taunawa har kaka. Shi ya sa da aka fara ba da ƙwayar hutun haihuwa a likita, wato asibitin garin, ta lallaɓi mijinta Alkasum ya yarda, ta lulluɓe ta je karɓa kamar mai satar kaza.

Ungozoma ta yi mata bayani, amma kan Barira na ƙasa, kunnenta na ƙofa kada wata ta shigo. Abin da ta tsinta bai wuce "kullum guda" ba.

To, Alkasum direban kamyon ne, babbar motar siminti, in ya ɗauki hanyar Agadas sai an manta kamanninsa. Ranar da ya tafi ta ɓallo ƙwaya a tafin hannu, sai abin ya yi mata nauyi. Mace mai mutunci, mijinta na can bayan garin Tawa, ta sha maganin hana ciki saboda wa? Ba wanda ya gan ta, amma kunya ta rufe ta kamar an kama ta da kwarto.

Ta koma likita ta tambaya. Ashe ungozomar ta tafi Ƙonni, wanda ke kan kujera kuwa Lurwanu ne, malamin jinya, mijin Tsahara. Ya sauko ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Inna, lahiya? Mi yas same ki?"

Ina bakin da zai tambayi suruki irin wannan magana? Ta ja mayafi har hanci.

"Kaina ka ciwo," in ji ta.

Ta dawo gida da asfirin. Da yamma ta raɗa wa maƙwabciyarta Uwani, wadda ba a taɓa tambayarta abu ta ce ba ta sani ba.

"Wa ka shan magani babu dalili?" in ji Uwani. "Aje abinki. In mai gida ya dawo ki haɗiye biyu, kin rama."

Shawarar ta yi wa Barira daɗi, don ita take so ta ji. Haka ta riƙa yi: Alkasum na gari ta sha, ya tafi ta tura kwalin ƙasan kwalla.

Kafin gero ya nuna, warin daddawa ya fara tayar mata da zuciya. Wannan karon ta samu ungozomar, wadda ta duba ta, ta saurari labarin, ta girgiza kai.

"Yaya, ƙwayar ga ba ta san mijinki shina gari ko ba shi nan ba. Kullum aka sha. Mi yah hana ki tambaya?"

Barira ta ja mayafinta ta miƙe. Ta fito tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ba a jima ba aka kawo Tsahara gida goyon ciki. Barira ta riƙa ɗaura zane sama-sama, tana zagayawa bayan rumbu in amai ya taso, tana ƙarya da zazzaɓi. Tsahara ta riƙa kawar da kai. Dama tsakanin uwa da 'yar fari magana ba ta da yawa.

Wata safiya Alkasum ya sa aka sauke amalanken itace na wankan jego, yana tsaye yana yaba yawansa. Barira na tankaɗe a gefe. Tsahara ta dubi itacen, ta sunkuyar da kai.

"Baba, a ƙaro amalanke guda," ta ce a hankali. "Wanga ba ya isar mu."

Barira ta ci gaba da kaɗa rariya, ko da yake garin ya riga ya ƙare.