Kunnen Hagun Yaya

Yayana mai sa kiɗa ne, abin da ake ce wa DJ, kuma tun ina makaranta nake gaya masa wannan ba sana'a ba ce, damun jama'a ne da izini. Shi kuma ya ce gyaran kwamfutar da nake yi tonon cikin kayan mutane ne. A haka muka girma, ba wanda ya bar tasa.

Kowace Asabar, daga tsakar rana zuwa faɗuwarta, yana sa kiɗa a lambun wani otal, gefen wurin ninkaya, inda iyalai ke zuwa su ci su sha, yara su yi ta tsalle cikin ruwa. Sauran ayyukan da yake samu jefi-jefi ne. Asabar ɗin nan ita ke riƙe da gidansa, kuma ita ke riƙe da shi kansa, don in ka gan shi ran Juma'a da yamma yana goge kayansa da tsumma yana fito, sai ka rantse albishir aka yi masa.

Kayan nasa na'urori biyu ne irin na ƙwararru, kowacce da faifai a samanta da ake juyawa da hannu, sai mikisa mai haɗa sautinsu a tsakiya. Yana soka filash a jikinsu, waƙa ta fito. Aikin duka shi ne haɗa waƙar da ke tafiya da mai shigowa ba tare da mai rawa ya ji inda aka yi ɗinkin ba. Ana yin haka da kunne biyu: ɗaya a cikin hedifon yana sauraren mai shigowa, ɗaya a buɗe yana jin abin da jama'a ke ji. Yaya kunnen hagu yake maƙala wa hedifon, ya langaɓar da kai ya danne shi da kafaɗa. Tun ina yarinya haka na san wuyansa, a karkace.

Wata Litinin ya shigo shagona ya zauna a kujerar masu jira, bai ko tsokane ni ba. Na san akwai magana. Ina gefensa na hagu ina kwance murfin bayan wata kwamfuta, na ce masa, “Yaya, lafiya dai?” Shiru. Na sake faɗa. Yana kallon fankar sama abinsa. Raina ya ɓaci, na ɗauka wulaƙanci ne, na zagayo gabansa na ce, “Wai da bango nake magana?”

Ya dube ni ya ce, “Magana kika yi, Auta?”

Na ajiye sukudireba.

Ashe kunnen hagun ya daɗe yana ja baya, yanzu kuma ya tafi gaba ɗaya, sai wani ƙugi da ya bar masa. Matarsa kaɗai ta sani. Ya gwada mayar da hedifon kunnen dama, amma in ya rufe na daman ba ya jin lambun, in ya buɗe ba ya jin mai shigowa. Asabar biyu a jere waƙoƙi suka yi masa karo a gaban mutane, gangar wannan tana tuntuɓe da gangar waccan kamar kwanuka sun zubo daga kan kanta. Manajan otal ɗin ya kira shi gefe ya ce, cikin mutunci dai, Asabar mai zuwa in aka sake haka zai nemi wani.

“Shi ne sai yau kake gaya mini?” na ce. “Da sai an kore ka sannan in ji a bakin mutane?”

“Me za ki yi mini? Kunne kike gyarawa?”

“A'a. Amma na'urorin nan naka suna da rami a baya wanda ba ka taɓa soka wa komai ba.”

Na san da ramin domin ni na taɓa buɗe masa ɗaya da ruwa ya shiga. Ana jan waya daga kowace na'ura zuwa kwamfuta, a danna maɓalli ɗaya, sai na'urar ta miƙa wuya ga manhajar haɗa kiɗa da ke cikin kwamfutar. Faifan da maɓallan duk suna aiki yadda hannunsa ya saba, illa dai yanzu waƙoƙin daga kwamfutar suke fitowa, kuma tana zana su a allonta, layi biyu, ɗaya bisa ɗaya, kowane bugun ganga da tsininsa. In tsinin sama ya zauna daidai kan na ƙasa, waƙoƙin sun haɗu. Abin da kunne ke ji, ido zai gani.

Ya sha mur. Ya ce duk yaran da ke tsayawa bayan kwamfuta a wurin taro kamar masu duba saƙo suke, shi ba zai tsufa ya koma akawu ba. Na ce to madalla, ya zauna a gida ya yi ta goge kayan har su ƙare. Ya tashi ya fita ko sallama babu. Washegari kafin in buɗe shago na tarar da shi a ƙofa da akwatunansa biyu, yana ce mini wai hanya ce ta biyo da shi.

A ɗakin bayan shagon muka yi makon nan, tsakanin matattun firintoci da kwalayen waya. Na ba shi tsohuwar kwamfutata, na zuba waƙoƙinsa a ciki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana auna saurin kowacce. Farko hannunsa rigima yake da idonsa. Ya ga layin ƙasa ya yi baya, maimakon ya tura faifan gaba sai ya ja shi, ya yi tsaki, ya ce allon ne ke tafiya a karkace. Na nuna masa wani maɓalli da in ka danna, kwamfutar da kanta za ta daidaita waƙoƙin. Ya kalle ni kamar na zage shi.

“Wannan na ragwaye ne. Kar ki sake nuna mini shi.”

“To ranka ya daɗe.”

Kafin Alhamis ya fara kamawa. Kafin Juma'a kuwa, wallahi, haɗin da yake yi ni da ke da kunne biyu ban jin inda waƙa ta ƙare wata ta fara. Matarsa ta kawo mana shayi a fulas, ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, ta ce, “Kai, Baban yara, ashe da sauranka.” Ya yi kamar bai ji ba, alhali ta gefen dama ta faɗa.

Ran Asabar na rufe shago na bi shi. Teburinsa yana ƙarƙashin wata rumfa, yana fuskantar ɗan filin siminti da ake rawa a kai, bayan filin kuma tebura da lemomi har bakin ruwa. Na kafa wa kwamfutar ƙafarta ta ƙarfe a tsakiya, saman mikisa, daidai fuskarsa, yadda muka saba a ɗakin bayan shago. Na ɗaure wayoyin da tef don kar wani yaro ya fizge. Ya maƙala hedifon a kunnen dama, don bai saba aiki ba shi ba, ya fara.

Ba kuskure ko ɗaya. Waƙa tana shiga cikin waƙa sumul. Na samu kujera na zauna ina jin daɗi, har na sayi lemo. Sai can na lura filin rawar ba kowa, sai wata ƙwallon roba da iska ke turawa. Mutane suna cin abincinsu, suna hira, kiɗan yana wuce su kamar rediyon maƙwabta.

Na dubi Yaya. Tun da ya fara bai ɗaga kai ba. Ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa allon, yana bin layukan nan biyu da ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A ɗakin bayan shago ba mutanen da zai kalla, shi ya sa ba mu gane ba. Mutumin da a da yake sanin waƙar da zai sa daga yadda wata ta girgiza kafaɗa a teburi na can ƙarshe, yau murfin kwamfuta ya tsaya tsakaninsa da lambun gaba ɗaya. Waƙoƙin ma ba don mutane yake zaɓarsu ba, wadda saurinta ya yi kusa da na mai tafiya ita yake ɗauka, don layukan su zauna lafiya.

Wata mata ta taso da 'yarta a hannu, ta tsaya a gefensa na hagu tana ce masa yau ranar haihuwar yarinyar ce, ko zai sa mata wata waƙa. Ta faɗa, ta ƙara faɗa. Bai ji ta ba, bai gan ta ba. Ta taɓe baki ta koma. Manaja yana tsaye kusa da wurin masu kawo abinci, hannuwansa a baya, kuma duk abin nan a kan idonsa.

Tsoro ya kama ni, sannan haushi ya biyo baya, kuma ni in haushi ya zo ba na iya zama. Na jira ya sa waƙa mai tsawo, na haura bayan teburin, na ɓare tef ɗin a hankali, na ɗaga kwamfutar da ƙafarta gaba ɗaya. In waya ɗaya ta zare kiɗan ya mutu, shi ke nan mun gama wa kanmu aiki.

“Ke, me kike yi?”

Na dire ta a ƙarshen teburin ta hannunsa na hagu, na karkata allon ya fuskance shi. Na zagayo dama na ɗaga hedifon daga kunnensa.

“Kunnen hagu ka rasa, Yaya, ba ido ba. Ga ta nan a inda kunnen yake. Ka leƙa ta yadda kake leƙa hedifon, ka dawo. Wannan kunnen kuma ka bar wa mutane.”

“DJ ba hedifon? Ai tsirara ke nan.”

“Rataya shi a wuya in ado kake so. Ga wata can da yarinya mai jar riga, ta zo ta yi maka magana ka share ta. Ranar haihuwar yarinyar ce.”

Ya ɗaga kai. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga filin fayau, kuma ban so na gani ba, don kunya ce zalla. Ya tsaya yana kallon teburan ɗaya bayan ɗaya, har na fara tunanin waƙar za ta ƙare bai shirya wata ba. Sai ya ɗauki makirufo ya kira mai jar riga, ya ce duk lambun nan yau nata ne. Ya langaɓar da kai hagu, wannan karkacewar wuyan tasa ta da, ya saci kallon allon, ya taɓa faifai da yatsa biyu, ya dawo da fuskarsa ga jama'a.

Yarinyar ce ta fara fitowa, uwarta na tura ta. Yara suka biyo ta jiƙe da ruwa. Akwai wasu dattawan mata a teburi guda da ke kaɗa cokali a jikin kofi, ya hango su, ya jawo musu wata tsohuwar waƙa wadda saurinta bai ko kusa da na mai tafiya ba. A nan ya ɗan yi tuntuɓe, gangunan suka gogi juna kaɗan kafin ya dafe faifan ya daidaita. Ni na ji, manaja ma na tabbata ya ji. Amma dattawan nan sun riga sun miƙe, ɗaya har da ajiye jaka a kan kujera, ba wanda ya waiwayo.

Haka aka yi ta yi har inuwar rumfa ta kai bakin ruwa. Da aka tashi, manaja ya zo ya tsaya yana kallon wayoyin da na ja. Ya ce, “Sabon salo ke nan?” Yaya ya ce ƙanwarsa ce ta ɗaure masa. Manaja ya gyaɗa kai, ya ce rabin farkon ya yi sanyi, amma ba komai, sai Asabar. Ya wuce wurin masu kwashe faranti.

Ni murna ta cika ni, bakina ya ƙi rufuwa. Ina naɗe waya ina yi masa tsiya, ina cewa daga yau ya dinga gaishe ni da safe, kuma duk wanda ya sake ce wa sana'ata tonon ciki sai ya biya tara. Shi kuwa ya duƙa kan kayansa. Yana sa na'urorin cikin akwati a hankali, yana gyara musu soso.

Sai da ya rufe na biyun ya ce, “Auta, maɓallin nan da na ce kar ki sake nuna mini.”

“Na ragwaye?”

“Shi. Da duk sauran abin da ke cikinta wanda ban sani ba. Gobe in kin samu sarari ki zo gida ki koya mini.”

“Gaggawar me kake yi? Ba ga shi ka ci ba? Sai mu bi a hankali.”

Ya ɗaga akwatin ya ajiye a kan ɗan'uwansa, bai kalle ni ba.

“Likita ya ce na daman ma ya fara. Gara ki koya mini yanzu, tun ina jin abin da kike faɗa.”

Na tsaya da wayar a hannu. Masu shara suna jan kujeru a bayanmu. Na ƙarasa naɗe wayar na sa a jaka, na matso kusa da shi na ce masa da safe zan zo, kar ya fita.