Shafin da Na Ƙi Sa wa Hannu

A shekarun da nake koyarwa a elemantare ta Isa, Bature bai tafi ba tukuna, kuma abu biyu aka san ni da su a garin: jan alƙalami da taurin kai. Shi ya sa ban yi mamaki ba ranar da abokina Malam Kalilu, malamin gona, ya jingine kekensa a gindin bishiyar makaranta, ya shigo ya dire mini ƙunshin takardu a kan tebur. Wai littafi ya rubuta. Masu buga littattafai a Zariya sun ce suna so, amma ba za su buga ba sai wani malami ɗan ƙasar Gobir ya karanta, ya rubuta ra'ayinsa, ya sa hannu a kan cewa babu abin da zai sa Bagobiri ya yi tsaki.

"Kai niz zaɓa, Malam Kassimu," in ji shi, "don na san ba ka jin kunyata."

"Ka zaɓi daidai," na ce. "Aje ka tahi ga gonakinka."

Na ɗauka zancen taki da irin gyaɗa zan tarar a ciki. Ashe mutumin nan da baiwarsa yake yawo bai taɓa faɗa wa kowa ba. Labarin wani yaro ne mai suna Yari, a zamanin da ake gina ganuwar Sabon Birni. Ciyawar doki yake yanka wa wani barde. Aka fita yaƙi da shi, rundunar ta watse, ya ɓata a daji. Mafarauta suka tsince shi suka koya masa baka da kibiya, ya ƙetare gulbi a cike yana riƙe da wutsiyar doki, ya bi ayarin raƙuma zuwa arewa, har gemu ya fito masa a hanya. Tun ina karantawa da alƙalami a hannu, sai na ga na ajiye shi ban sani ba. Ƙananan gyare-gyare kawai na yi, kamar inda ya sa barde ya yi jawabi mai tsawo alhali mashi na cikinsa.

Sai na zo shafin ƙarshe. Yari ya dawo gida bayan shekaru, ya zama namiji. Uwarsa tana jin sallamarsa ta jefar da taɓarya, ta ruga har ƙofar gida, ta rungume shi a gaban jama'a tana kiran sunansa. Na koma shafin farko don in tabbata ba idona ba ne. Yana nan a rubuce: Yari ɗan fari ne.

To, a ina aka taɓa yin haka? A ƙasarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta hira da shi. Da an yaye shi ma dangi ake ba wa. Na ce lallai littattafan Turawa da Kalilu ya sha a makarantar Sakkwato ne suka hau masa kai. Na ja layi ja tun daga saman shafin har ƙasa, na aika a kira shi.

"Littahinka ya yi kyau," na ce masa. "Za ni hwaɗi haka ga mutanen Zariya da babbar murya. Amma shahin ga sai ya hita."

Ya dubi layin da na ja, fuskarsa ta canza. "Cire duk abin da kaka so, ka bar man wanga."

"Wanga ɗin nika so."

"Labari na, Malam, ba tarihi ba. In Yari na iya ƙetare gulbi da wutsiyar doki, uwatai na iya kiran sunanai."

"Ƙetare gulbi an yi, kakana ma ya yi. Wanga ba a yi. Ran da anka karanta shi a zaure, dariya za a yi maka, a yi man, a ce malaman boko ba su san gidajensu ba. Ba ni sa hannu."

"To kar a buga."

Na san ba da wasa yake ba, shi ma ya san ba da wasa nake ba. Amma littafin nan ya shiga raina, ba zan bari ya ruɓe a akwati saboda shafi ɗaya ba, kuma ba zan sa sunana a ƙarƙashin abin da na san ba haka yake ba. Sai na ce mu kai ƙara gaban wadda ta fi mu sani, abin da ta yanke mu bi. Ya ce wa ke nan? Na ce Inna Tasalla, mahaifiyarsa, a Sabon Birni.

Ina faɗa na ji nauyin bakina. Sai a lokacin na tuna shi kansa ɗan fari ne. Tun daga yaye kawunsa na Isa ya ɗauke shi, daga nan makaranta, daga nan aiki, gida sai dai ya leƙa in ya sami hutu. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma ban janye maganata ba. Shi ma bai ce in janye ba, cewa ya yi in sa wa kekena iska.

Muka kama hanya ranar da babu makaranta. Wanda ya san rairayin hanyar Sabon Birni ya san rabin tafiyar keke ne ke hawan mutum. Sai da la'asar ta yi sanyi muka iso gidansu, wanda yake a bakin gari, yana fuskantar hanyar Isa. Muka tarar da ƙanensa Ɗan'auta, magidanci da iyalinsa, tsaye a jikin dangar gidan yana mita shi kaɗai.

"Ku duba don Allah," ya ce bayan mun gaisa, yana nuna wata 'yar ɓula a jikin zana. "Kowace kaka sai na ɗaura sabon zana, ba a jimawa sai in iske ɓula wurin ga. Na toshe, ta dawo. Awaki na ko gara, Allah masani."

Na ce masa akuyar da ke kaiwa nan sai dai in a kan turmi take tsayawa. Muka yi dariya muka shiga.

Inna Tasalla tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ta ba ƙofar gida baya. Gajeruwar tsohuwa ce mai tsagen Gobirawa a kumatu. Ni ta gaishe ni har da tambayar iyalina ɗaya bayan ɗaya. Kalilu ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa mazarinta. Daga baya ta dube ni ta ce, "Kun zo lahiya da abokin tahiyarka?" Shi kuwa ya koma can gindin rumbu ya zauna kamar baƙo.

Na faɗa mata abin da ya kawo mu: akwai labarin da nake so ta saurara ta gaya mini inda ya kauce. Ban ce ga wanda ya rubuta ba, ita ma ba ta tambaya ba. Na karanta har magariba, da safe bayan an sha kunu na ɗora. Mai sauraro ce ta gaske. Da Yari ya faɗa gulbi sai da ta yi salati, da ya sace naman mafarauta ta ce ɗan banza, yunwa ce. Matan gidan suka bar aikinsu suka matso.

Da na zo shafin ƙarshe na karanta shi yadda aka rubuta, ban rage ba ban ƙara ba. Ina gamawa na ga mazarin ya tsaya.

"Wagga macce ba ta da kunya," in ji ta. "Ko ba ta da dangi da za su tsawata mata?"

Na saci kallon Kalilu. Kansa na ƙasa, yana zane da tsinke. Na yi nasara, amma daɗin bai kai yadda na zata ba. Na gyara murya na faɗa mata gyaran da nake so a yi: Yari ya yi sallama, uwar ta ci gaba da dakanta, ko kai ba ta ɗaga ba, sai dangi su tarbe shi.

"Kai ma ka ɓata, ɗana," ta ce. "Wa ac ce maka ba ta ɗaga kai?"

Na ce, "To, Inna, ƙaƙa za a yi?"

Ta ɗauki mazarin ta murza, idonta a kan zaren. "Ita ka riga kowa ganinai. Tana da 'yar ɓula jikin zana, wajen hanyar da yab bi yat tahi. Kullum in la'asar ta yi sai ta tashi kamar za ta koro kaji, ta je ta leƙa. Shekara ta zo ta wuce tana leƙawa. Ran da Allah yak kawo shi, tun daga nesa za ta gane tahiyatai. Sai ta dube shi da kyau: ya rame ko ya yi jiki, shina ɗingishi ko lahiya lau, rigatai ta yage ko akwai mai ɗinka mai. Ta dube shi har ranta ya kwanta. Kahin ya kawo ƙohwa ta koma wurinta ta ba shi baya. Sunan kau, tana kiranai, amma ba da baki ba."

Ta naɗe zarenta, ta dafa bango ta miƙe. "In gaskiya kuka so, ku rubuta hakanan." Ta shige ɗaki ta saki asabari.

Ɗan'auta ya buɗe baki zai ce wani abu, matarsa ta harare shi ya rufe. Kalilu ya tashi daga gindin rumbu, ya taka a hankali zuwa danga. Dogo ne, sai da ya sunkuya sosai kafin idonsa ya kai ɓular. Ya daɗe a haka. Da ya matsa ni ma na leƙa, don ban iya barin abu ban gani da idona ba. Hanyar Isa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga sawun kekunanmu na jiya a kan rairayi.

A zauren gidan Kalilu ya karɓi jan alƙalamina, ya ƙara nasa layin a kan nawa, ya juya bayan takardar ya rubuta sabon shafi. Na karanta, ban sami abin gyarawa ba. Na rubuta wa mutanen Zariya cewa littafi ne da ya kamata kowane yaro a ƙasar Gobir ya ji, na sa hannu.

Da hutunsa na gaba ya zo na ce zan raka shi, don Inna ta yi mini alkawarin zaren hula. Muna hango rufin gidansu daga nesa sai ya sauka daga keke, alhali wurin ƙasa ce mai tauri, babu rairayi. Ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara zaman hularsa, ya ɗaga fuska sosai wajen dangar, ya shiga tura keken a hankali. Ni mai baki ne, amma ranar ban tsokane shi ba. Na sauka ni ma, na ja baya kaɗan don kada in tare wa Inna ganinsa.