Wuƙar Inna Habsa

Ranar da Yaya Mansur ya kira daga Yamai ya ce zai zo ya tafi da Inna, ban yi masa gardama ba, duk da kowa a unguwar Obitara ya san ni, Zahra'u, ba na barin magana ta faɗi ƙasa. To me zan ce? Tun da hawan jini ya kayar da mahaifiyarmu ya shanye mata ɓarin dama, ta juya fuska ga bango ta daina cin abinci. In na kai cokali bakinta sai ta datse haƙora. In na matsa mata da magiya ta kurɓi fura kaɗan ta kau da kai. Yaya ya ce a Yamai akwai manyan lokotoro da masu motsa wa marasa lafiya jiki. Gaskiya ya faɗa. Amma ni da shi duk mun san a gidan nan aka kawo Inna tana amarya, daga nan aka ɗauki gawar Baba, kuma in aka fita da ita a wannan hali ba za ta sake ganin Agadas ba.

Wanda bai san Inna Habsa da lafiyarta ba bai san girki ba. Babu biki ko suna a tsohon gari da ba a zo an roƙe ta ta kama tukunya ba. Miyarta daban, amma abin da ya fitar da sunanta shi ne yanka. Naman da ta yanka bai taɓa fitowa wani babba wani ƙarami ba, albasarta kuwa narkewa take a mai kafin ka gan ta. Sai dai tana da wata al'ada: duk aikin wuƙa ita kaɗai take yinsa, a madafa, ƙofa a rufe. Sai ta gama ta fito da kwanuka, sannan mata su kama sauran aiki. Maƙwabciyarmu Biba, wadda bakinta ba ya hutawa, takan ce Habsa aljani take ajiye a ciki yana yi mata yanka. Inna sai ta yi dariya ta ce ai kuwa aljanin ya fi Biba zafin nama. Mu da muka tashi a gidan ba mu taɓa tambaya ba, mun ɗauka haka uwar kowa take.

Da ta kwanta, girki ya dawo kaina, ni da aikina ɗinki ne. Wuƙaƙen gidan duk sun dakushe, tumatir ma sai na danne shi ya fashe kafin su shiga. Haushi ya sa na tafi kasuwa, wajen masu kayan Aljeriya, na sayo ɗan abin wasa wuƙa. Na roba ne, yana da mariƙi kamar na buta, da tsaga a gabansa inda wasu ƙarafa biyu suka gitta juna. Mai butik ɗin ya nuna mini yadda ake yi: a dafe shi a ƙasa da hannu ɗaya, a sa gindin wuƙar a tsagar, a jawo ta zuwa tsini, ba a turawa gaba, ba a dannawa da ƙarfi. Na dawo gida na bi wuƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya ina ja, garin ƙarfe yana zuba. Na wanke su na goge, kowace ta fito da farin baki gefe da gefe. Rabona da jin daɗin wani abu irin haka tun kafin ciwon Inna.

Daɗin ne ya sa na fara neman abin da zan wasa. Ina dube-dube na hango wani tsumma a soke tsakanin azara da bango. Na hau turmi na zaro shi. Wuƙa ce ta maƙeran garinmu, ƙotarta ta yi baƙi da maiƙo, ruwanta ya sirance saboda shekarun da ta sha washi. Ban taɓa ganinta ba, amma ban yi shakkar ta wace ce ba.

Na sa ta a tsagar na ja. Kukan da ta yi ba irin na sauran ba ne, wata kartawa ta yi mai sa tsikar jiki ta tashi. Na sake ja, na duba. Gefe ɗaya ya yi fari, ɗaya gefen kuwa ƙarfen ko taɓa shi bai yi ba. Na ɗauko albasa na gwada, wuƙar ta ƙi tafiya daidai, sai karkacewa take tana neman yatsana. Ƙotar ma ta ƙi zama a tafina, wani tudu yana tokare ni. Har na fara zagin maƙerin da ya ƙera ta, Allah ya yafe mini. Na mayar da ita hannun hagu don in share hawayen albasa da na dama.

Babban yatsana ya faɗa wani gurbi a jikin ƙotar, sumul, kamar ni na haƙa shi. Sauran yatsun suka kwanta kowanne a mazauninsa. Na tsaya ina kallon hannuna. Sannan a hankali na kai bakin wuƙar kan albasar, ni da ko allura ban iya riƙewa da hagu ba, sai ta ratsa ta miƙe sak.

Na daɗe zaune a kan turmin nan. Icce ba ya lotsawa a shekara ɗaya ko goma. Yatsan mutum ne ya ci wannan ƙota, rana bayan rana, tun kafin a haife ni. Na shiga laluben ƙuruciyata ina neman rana ɗaya da na ga Inna riƙe da wuƙa, ban samu ba. Da dama take gaisawa, da dama take ci, da dama take miƙa wa baƙo ruwa, da dama ma take zabga mana mari. Tsoro da mamaki suka kama ni tare, na ji kamar yau na fara sanin matar da ta haife ni.

Na shiga ɗakinta na ajiye wuƙar a kan tabarma, kusa da hannunta mai lafiya. Hannun ya kai kanta kafin idonta ya kai. Ta shafa bakin da babban yatsa, fuskarta ta murtuke.

"Mi kika yi ma wuƙata?"

Harshenta da nauyi, amma faɗan na Inna ne, kuma tun kwanciyarta ban ji shi ba. Sai kuma ta lura da hannun da take riƙe da ita, ta lura ina kallo, ta sake ta da sauri.

A ranar ta ba ni labarin, guntu-guntu, ina haɗawa. Bahaguwa aka haife ta. Goggon da ta riƙe ta a Ingal ta ɗaure mata hannun a baya, ta doke shi da muciya, ta ce da hannun tsarki ba a yi wa mutane abinci, kuma duk gidan da suka gane ba mai cin girkinta. Hannun ya bar komai, cin abinci, gaisuwa, tsintsiya, amma ya ƙi barin wuƙa. Da dama in ta yi yanka sai ta yanke kanta. Shi ya sa take rufe ƙofa. Ita take wasa wuƙarta a dutse, gefe ɗaya, yadda hannunta yake so. Baba ya yi zamansa ya tafi bai sani ba. Da na tambaye ta dalilin ƙin cin abinci, ta ce ita ba jinjira ba ce da za a riƙa ɗura mata, kuma ba za ta tsufa ta sa hagu a kwano ba.

Na ce mata Yaya yana tafe, in ya same ta haka ɗaukarta zai yi, ni kuma ba ni da bakin hana shi. Na ce hannun nan lafiyarsa ƙalau, kuma malamai ma sun ce mai lalura ba shi da laifi. Ta ce in mayar da wuƙar inda na ɗauko ta. Ta juya ga bango.

Yaya Mansur ya iso ranar Alhamis, da niyyar su kama kar, babbar motar Yamai, ta safiyar Asabar. Ranar Juma'a ya sayo cinyar rago ya ce a yi abincin sallama. Biba da wasu mata suka shigo da la'asar, kowace tana ɓoye hawaye a mayafi. Muka fito da Inna tsakar gida muka jingina ta da matashi. Ni kuwa na zauna gabanta da naman ina fama. Wuƙata da kaifi, amma kaifi ba iyawa ba ne. Ina jin idonta a kaina duk lokacin da na datso wani ƙullutu.

"Zahra'u," ta ce, "ɗauko ta. Da dutsen."

Na kawo. Ta sa na danne dutsen a ƙasa kusa da gwiwarta, na ɗiga masa ruwa. Ta kwantar da wuƙar ta fara gogawa, a hankali, tana gyara ɓarnar da abin robana ya yi. Hirar mata ta mutu. Da ta shafa bakin ta gamsu, ta dubi Yaya ta ce ya wanke hannu ya riƙe mata naman, ya ja shi sosai.

Babban mutum da furfura a gemu, ya durƙusa gaban uwarsa ya riƙe. Abin da na gani daga nan ban san yadda zan faɗe shi ya cika ba. Matar da ba ta iya ɗaga kanta daga matashi sai an taimaka mata, hannunta ya tashi kamar ba a jikinta ciwon yake ba. Wuƙar ba sara take ba, bi take yi, tana neman inda tsoka ta rabu da tsoka ta shige. Ƙashi ya fito fes. Naman ya riƙa warwarewa a hannun Yaya, falle ɗaya mai tsawo, siriri har kana ganin hasken rana ta cikinsa. Tana wuce yatsunsa da kaurin gashi, bai motsa ba, ita ma ba ta ko kalli wajen ba. Sannan ta bi fallen ta rarraba, kowane yanki ɗan'uwan na kusa da shi. Biba ta dafe baki tana ta salati ƙasa-ƙasa.

Inna ta ajiye wuƙar. Numfashinta yana sama-sama, ba ta dubi kowa ba.

"Kun gani," ta ce. "Da hagun nan na ciyar da ku duka. Wanda ya ji ƙyama ya tashi, ba ni jin haushi."

Ba wanda ya tashi. Na ɗora tukunya, Inna tana ba ni umarni daga zaune, ta kira ni marar kan gado ban san sau nawa ba, ni kuma ina murna da kowane ɗaya. Da abinci ya sauka Biba ce ta fara kai loma, ta ce ashe shekara da shekaru aljanin a hannun riga yake, ta ƙara wata lomar tana share ido. Yaya ya zuba wa Inna nata ya ajiye a damanta, yadda aka saba. Ya ɗauki cokali zai ba ta, ta kau da kai. Na ce a raina shi ke nan, tafiya ta tabbata.

Sai ya ajiye cokalin. Ya ɗaga kwanon da hannu biyu, ya zagaya da shi ta gabanta, ya dire shi a hagunta. Ya jawo buta ya zuba mata ruwa a hannun, ya wanke mata shi yatsa bayan yatsa.

Inna ta dubi kwanon, ta dubi matan da suka zuba mata ido. Ta yi bisimilla ta sa hannu.

Washegari Yaya Mansur shi kaɗai ya shiga kar.