Lambar da Ba Tawa Ba

Wata goma sha huɗu ban taɓa barin wayata ta mutu ba. Ko wanka zan shiga, sai na ɗora ta a kan taga na ƙure ƙararta. Na kai takardun neman aiki wuri talatin da ɗaya, asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje har da wani kamfanin ruwan roba, kuma ko'ina da magana ɗaya ake sallamata: za mu kira ki.

A gida Likita suke ce mini, alhali gwajin jini na karanta. Da farko yabo ne. Daga baya Yaya ya mai da shi tsokana, in ya dawo aiki ya tarar da ni a falo sai ya tambayi marasa lafiya nawa aka duba yau. Baba kuwa, wanda ya shekara talatin a teburi ɗaya a gidan waya kafin ya yi ritaya, maganarsa ba ta wuce lokaci ne. Na tsani kalmar nan. Da ita ake toshe bakin duk wanda ya tashi yin tambaya, sai kowa ya gyara zama kamar an ba shi amsa.

Zauren 'yan ajinmu a waya ma ya mutu. Waɗanda suka samu aiki sun yi shiru don kunya, mu da ba mu samu ba mun yi shiru don kunya. Da hantsi gidan kan watse, ya rage daga ni sai ƙarar firji.

Wata Alhamis na koma makarantarmu karɓo wata wasiƙa. Mai sa hannu bai zo ba, kamar kullum. Ina cikin yawon jira na ga ƙofa a ƙarshen baranda, bayan tarin karyayyun kujeru, an rubuta Ofishin Shawarar Aiki. Shekara huɗu na yi a ginin nan ban san da ita ba.

Mace ɗaya ce a ciki, dattijuwa mai tabarau, da kujeru shida waɗanda ko ledarsu ba a cire ba. Ta ce ni ce ta uku da ta shigo tun farkon zango, kuma ɗaya daga cikin biyun banɗaki yake nema. Raina ya ɓaci, na hau faɗa: yaya za a buɗe ofis irin wannan a ɓoye shi, ɗalibai na fita suna yawo a rana da ambulan? Ta bar ni na gama.

"Na liƙa sanarwa a kowane allo, 'yata," in ji ta. "Kin taɓa karanta allo in ba sakamakon jarrabawa aka kafe ba?"

Ta miƙo hannu na ba ta sibi ɗina, takardar nan mai ɗauke da tarihin karatun mutum da yadda za a same shi. Layi biyu ta karanta ta ce mai bugun takardu na bakin ƙofa ne ya yi mini. Ta san hannunsa. Takarda ɗaya gare shi a kwamfuta, in ka zo ya goge sunan wancan ya sa naka, shi ya sa duk ɗaliban makarantar suka zama masu ƙwazo da juriya iri ɗaya. Gaskiyarta. Yaya ne ya kai masa takarduna, ya dawo mini da kwafi hamsin. Na duba sunana da makina, na ga daidai, na zuba su a jaka.

Ta tambaye ni wace lamba nake bugawa a fili. Ban gane ba sai da ta nuna mini ƙasan shafi na biyu. Abin da nake sha'awa, wai, ƙwallon ƙafa. Ta yi dariya, ni ma na yi ta dole, kunnuwana na zafi.

Sai ta jawo wayar ofis. Ta ce duk takardar da ta shigo hannunta, kafin komai sai ta kira lambar da ke sama, haka take yi wa kowa. Ta danna, ta buɗe murya yadda zan ji. Can ɓangaren ya fara ƙara. Na dubi wayata a tafin hannuna. Baƙa ƙirin, ko motsi.

Ƙara ta biyu ba ta ƙare ba aka ɗauka. Muryar tsohuwa ce, da sauri, har tana haki.

"Auta? Kai ne?"

Dattijuwar ta gaishe ta, ta yi mata bayani a hankali. Tsohuwar ta ce layin ɗanta ne, ya gama makarantar nan shekara uku da suka wuce, ya tafi aiki wata ƙasa ya bar mata shi. Yakan kira da baƙuwar lamba, in ya kira, shi ya sa ba ta barin waya ta yi ƙara sau biyu. Da aka faɗi sunana sai ta ce ai ta san sunan nan, an sha tambayarta, ita kuwa takan ce babu mai wannan suna a gidan. Sau nawa? Ba ta ƙirga ba. Amma akwai wani mai ladabi daga ɗakin gwaji na asibitin yara, sau biyu ya kira a makon jiya, ya ce in an ga yarinyar a ce ta zo intabiyu Laraba da safe.

Laraba jiya ce.

Ban san na miƙe ba. Na fara zagin mai bugun takardu, na haɗa da Yaya, na haɗa da makarantar. Dattijuwar biro kawai ta turo mini. Na soke lambar, na rubuta tawa a sama da hannuna. Lambobi goma sha ɗaya ne, ko ɗaya bai yi kama da nawa ba. Sau talatin da ɗaya na miƙa takardar nan da hannu biyu, ina russunawa.

Ta ce in tafi asibitin yaran yanzu, kada in biya gida.

Shugaban ɗakin gwajin na wanke hannu na same shi. Da na faɗi sunana ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce takardata ce a sama, don makina ya fi na kowa, har ya so ya ga 'yar ƙwallon nan da idonsa. Sun jira ni har sha biyu. Sun ɗauki wani jiya, ya ma fara aiki, ga shi can cikin farar riga yana jera kwalabe. Ya karɓi gyararriyar takardar, ya ce wata ma'aikaciyarsu za ta iya tafiya ƙarshen shekara, ba tabbas, amma za su kira ni.

"Ranka ya daɗe, don Allah kira ni yanzu."

Ya ɗaga gira, sannan ya gane. Ya danna yana kallon takardar. Wayata ta ɗauki ƙara a tsakiyar ɗakin, da ƙarfin nan da na ƙure mata tun bara, har na farar rigar ya waiwayo. Na bar ta ta yi har ta katse.

A gida na tarar da Baba a kan kujerarsa. Na faɗa masa an ɗauki wani. Ya gyaɗa kai ya ce lokaci ne.

"Ba lokaci ba ne, Baba. Lamba ce."

Bai tambaye ni me nake nufi ba, ya koma kan rediyonsa. Na shiga ɗaki na zazzage sauran kwafi goma sha takwas a kan gado, na karanta ɗaya tun daga sama har ƙasa, karon farko. Gobe zan koma wurin dattijuwar mu rubuta sabuwa, sannan in bi wurare talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Kafin la'asar na kira lambar da na soke, don ban yi wa tsohuwar godiya ba. Ƙara ɗaya ta ɗauka.

"Auta?"

Na ce a'a, Mama, yarinyar nan ce da ake ta nema. Ta tambaya ko na samu, na ce ban samu ba. Ta yi mini addu'a mai tsawo. Da zan kashe na gaya mata na gyara takardar, daga yau ba mai sake damunta.

"Ai ba damuwa ba ce," in ji ta. "Su ne ma ke kira."