Naman Barewa da Gawayin Orval

Kwana shida ke nan da rufe hanya, kuma Nadine Stuckey ta riga ta haddace yawan takun da ke tsakanin gadonsu da kujerar direba: goma sha ɗaya in ta bi a hankali, tara in ranta a ɓace yake. Tun da gobarar daji ta tsallake kogi ta cinye turakun lantarki, motoci bakwai suka maƙale a wani zangon matafiya da ke gindin dutse, can cikin Idaho. Gaba wuta, baya dutse. 'Yan kwana-kwana sun ce zangon ba ya cikin haɗari tunda iska ba ta nufo shi ba, amma ba mai fita sai an kwashe itatuwan da suka zube a kan titi. Kullum da safe sai a ce gobe.

Motar nan ita ce gidansu. Shekara biyu da suka wuce, mijinta Orval ya ajiye aiki a rumbun hatsi na garinsu a Kansas, ya yi ta lallashinta har suka sayar da gidan da suka shekara talatin da takwas a ciki, suka sayi doguwar mota mai gado da kicin da banɗaki. Ya ce za su ga duniya. Abin da Nadine ta fi gani a duniyar shi ne kunnen Orval na dama yana tuƙi.

Yanzu ko tuƙin babu. Hayaƙi ya sauko ya zauna a kwarin, rana ta koma ja kamar garwashi, mutum ya kalle ta ido da ido ba ta yi masa komai. Ba dama a buɗe taga. Nadine ta jiƙa tawul ta toshe ƙasan ƙofa, duk da haka komai warin ƙauri yake yi, har matashin kai. Ga zafi. In ta juya ta ci karo da Orval, in ta zauna gwiwarta na gugar tasa.

Da safiyar rana ta shida ya kira ta, kansa cikin firiza.

"Nadine, zo ki taɓa ki ji. Ya fara saki."

"To rufe mana, kana ƙara fitar da sanyin."

"Wane sanyi, tsohuwa? Gas ya ƙare. Naman nan in ya kai gobe da yamma, sai dai ungulu."

Naman barewa ne, wanda ƙaninsa Gordon ya harbo a Montana ya cika musu firiza da shi. Firij ɗin motar da gas yake aiki in babu lantarki, kuma sun yi niyyar cika tankin a gari ranar da aka rufe hanya.

Ba wai ba su da abin gashi ba ne. Har huɗu gare su. Akwai na gas, wanda ake rataya shi a jikin motar a jona da tanki, kyautar 'yarsu Renata, kuma Orval ya ce gashin gas ba gashi ba ne, dafuwa ce ta malalata. Yanzu ko ya so, babu gas. Akwai na lantarki mai murfi, wanda Nadine ta saya don kada a riƙa fita cikin ruwan sama, amma sai an ta da janareta, shi kuwa janareta daga tankin motar yake sha, ga mai ya yi ƙasa har ya daina tashi. Akwai kaskon baƙin ƙarfe mai layi-layi da ta gada wurin mahaifiyarta. Shekaranjiya sun gwada shi a kan murhun kicin, cikin minti biyar motar ta turnuƙe, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu, ba halin buɗe taga domin na waje ya fi na ciki muni. Orval ya hau kujera ya zare wa ƙararrawar batir yana zaginta.

Sai na huɗu, ɗan ƙaramin murhun gawayi da ya ƙera da hannunsa daga tsohuwar tukunyar ƙarfe, da ragarsa da murfinsa. Shi ne ɗan lelensa. A garinsu, in coci ta shirya cin abinci a fili, Orval ake kira. Ya ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, ya riƙe awartaki, mutane su yi layi da faranti suna kiransa sarkin gashi. Tun da suka kama hanya ba wanda ya sake kiransa haka, amma duk zangon da suka sauka sai ya hura gawayi, ko don ƙamshin ya jawo masa abokin hira.

Gawayin nan kuwa shi aka haramta. Ranar farko malamin daji ya zo mota-mota yana faɗa: ba itace, ba gawayi, ba ko sigari a waje. Na gas kawai aka yarda da shi, tunda ana iya kashe shi nan take. Orval ya tsaya yi masa bayanin shekara hamsin da ya yi yana hura wuta bai taɓa ƙona ko ciyawa ba. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Na ji, Baba. Amma in na ga hayaƙi a nan, zan tafi da murhun."

"Mu kai wa Chelo," in ji Nadine. Chelo Baca ita ce mai kula da zangon, mace mai jiki da murya, tana zaune a tata motar kusa da mashiga. "Tana da na gas, da tukunyarta daban. A gasa duka, a raba wa mutane. Kowa abincin gwangwani yake ci."

"In ɗauki naman da Gordon ya yi kwana uku yana bi a dutse, in miƙa wa wata ta dafa shi a kan gas kamar ƙwai?"

"To ka bar shi ya ruɓe, ka ci girmanka."

"Ke ba ki taɓa gane abin nan ba."

"Shekara arba'in da ɗaya ina wanke ragar, Orval. Na gane shi sarai."

Ya zauna a kujerar direba ya zuba wa gilashi ido, alhali ba abin gani sai toka tana sauka. Nadine ta ji kamar bangon motar yana matsowa. Wajen tsakar rana ta ɗaura ƙyalle a hanci ta ce za ta je jin labarin hanya a rediyon Chelo.

Labarin bai canza ba: gobe, in iska ta kwanta. Amma Nadine ba ta tashi ba. Chelo ta zuba mata kofi mai ɗumi, ita kuma Nadine ta zauna a kujerar da ba ta Orval ba, tana shaƙar iskar da ba Orval ya fesar ba.

"'Yar'uwa, fuskar nan taki ba ta hayaƙi ba ce kawai," in ji Chelo.

Nadine ta yi 'yar dariya, sai ta ji maganar tana fita da kanta. Ta ce tana kewar ƙofa. Ba gidan ba, ba lambun ba, ƙofa kawai, wadda mutum zai shiga ɗaki ya turo, ya yi awa guda ba wanda ya tambaye shi ina cokali. Ta ce ba ta taɓa faɗa masa ba, domin ranar da ya karɓi makullin motar nan ya yi murna irin wadda ba ta gani a fuskarsa ba tun haihuwar Renata.

"Nawa mijin da ya ga bakina ya yi yawa, sai ya mutu ya huta," in ji Chelo. "Ki faɗa wa naki tun yana ji."

Ta fi awa guda a can. Da ta dawo, abin da ta fara lura da shi labule ne. An ja su duka, har na gilashin gaba. Ta murɗa hannun ƙofa, a kulle. Ta buga.

"Orval, buɗe. Ni ce."

Shiru. Sai wani ɗan siririn ƙara daga ciki, tsit, tsit, tsit, ba irin na ƙararrawar hayaƙi ba. Na wata na'ura ne daban, ta kusa da ƙasa, mai jin gubar iskar da ba ta da wari. Sannan ƙamshi ya iso hancinta ta cikin ƙyallen, ƙamshin nama a kan garwashi.

Ta buga ƙofar da hannu biyu. Ta zagaya ƙofar direba, a kulle. Ta ɗaya gefen, a kulle. Makullinta yana ciki, a rataye kusa da firij. Ta kwartsa wa Chelo kira da muryar da ba ta san tana da ita ba, ta duƙa ta ciccibi dutsen da suka tokare taya da shi. Bugun farko gilashin ƙofar gaba ya ƙi. Na biyu ya yi sauti ya zube kamar gishiri. Ta zura hannu ta buɗe ƙofar ta ciki, ba ta ma ji yankan da ya yi mata ba.

Zafi ya daki fuskarta. Murhun gawayin yana kan farantin ƙarfe a saman murhun kicin, yanka shida a jere a kan raga, an juya uku, uku sun fara ƙonewa. Orval ya ɗan buɗe ƙaramar tagar rufi, a tunaninsa ta isa. Shi kuma yana zaune a ƙasa, ya jingina da firij, awartaki a cinyarsa, kansa ya langaɓe, ya yi amai a gaban rigarsa.

"Kar ki shaƙa! Riƙe numfashi!" Chelo ce ta iso tana haki. Ta buɗe babbar ƙofa daga ciki, ta kama shi ta hammata, Nadine ta kama bel ɗinsa. Orval ba ƙaramin mutum ba ne, kuma hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Ƙafarsa ta maƙale a ƙafar tebur. Nadine ta ji kanta yana juyawa, ta fizge ƙafar har takalmin ya cire. Suka gangaro da shi matakala uku, suka zube tare a kan tsakuwa. Chelo ta koma da tawul biyu, ta fito da murhun a miƙe, ta kifa shi cikin bokitin ruwa, nama da gawayi da komai.

Mutanen sauran motocin suka taru. Wani ya ruga mashiga inda motar 'yan kwana-kwana take, ya dawo da ma'aikaciyar jinyarsu. Ta ɗora masa abin shaƙar iska a fuska, tana kiran sunansa tana mari kumatunsa a hankali. Nadine tana durƙushe, tsakuwa na cin gwiwarta, tana kallon ƙirjinsa. Sai da aka jima kafin ya buɗe ido. Ya dube ta, ya dubi mutanen, ya janye abin daga bakinsa.

"Naman fa?"

"Mayar da abin nan bakinka," in ji Nadine. "Ka kulle ni a waje, Orval. Saboda barewa."

"Saboda malamin dajin ne. Kar ya leƙo."

"Ni ka kulle."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen abin shaƙar, ko na hayaƙi ne ko na kunya, ba ta tambaya ba.

Ma'aikaciyar ta ce dole ya kwana asibiti, gubar gawayi takan yi kamar ta tafi ta dawo ta taɓa zuciya. Jirgi ba zai tashi cikin wannan hayaƙi ba, amma za su ratsa da shi ta hanyar da suke bi da motarsu mai ƙarfi. Wurin mutum ɗaya ne a kwance, babu na rakiya. Da ake ɗora shi ya kamo hannunta, ya ga jinin da ya bushe a kai.

"A ba Chelo sauran," ya ce. "Ki ce kar ta yawaita juyawa."

Haka aka yi. Da yamma Chelo ta kunna na gas, aka gasa abin da ya rage, 'yan zango da 'yan kwana-kwana suka ci a tsaye, kowa na yaba naman. Nadine ta karɓi yanka ɗaya, ta ajiye shi ba ta ci ba. Ta koma motar, ta share gilashi, ta wanke ƙasa, ta liƙe tagar da kwali. Ga wuri ya samu, ba mai gugarta, ba mai tambayarta komai. Ta zauna a bakin gado tana jin hayaƙi yana shigowa ta gefen kwalin, ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Sai bayan kwana uku aka buɗe hanya. Renata da mijinta suka zo daga Boise, mijin ya tuƙa motar, suka ɗauko Orval a asibiti. Ya rame, yana yawan mance abin da ya shigo ɗauka, likita ya ce wataƙila ya warware, wataƙila a'a.

A ƙofar garejin Renata suka ajiye motar, aka jawo musu wayar lantarki daga cikin gida. Gidan ƙarami ne, ga yara uku, don haka a motar suke kwana. A nan Nadine ta faɗa masa, wata safiya suna shan kofi, cewa ta gaji, tana son ɗaki mai tsayawa wuri ɗaya. Ya saurare ta har ta gama, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiyarta, za su duba. Ta fara yanko tallan gidajen haya tana ajiyewa a aljihun tebur.

Da sanyi ya fara shigowa, ta same shi ya baje taswira a kan teburin, yana bin wata hanya da yatsa zuwa Arizona.

"Wata uku kawai," ya ce, bai ɗago ba. "Kafin ƙanƙara ta rufe mu a nan. In mun dawo sai mu duba."

Nadine ta tsaya da butar kofi a hannu. Ta ce ya ɗan janye gwiwarsa ta wuce.