Ranar da Aka Hana Bunu Korar Jan-Baki

Shekara arba'in Bunu yana yaƙi da tsuntsaye a fadamar Baturiya, sai ga shi da furfurarsa an ɗauke shi aikin nuna su ga baƙi. Wadda ta ɗauke shi Hajiya Adila ce, 'yar garin da ta yi arziki a Abuja ta dawo ta gina gidan hutu a bakin ruwa. Ɗakuna shida ne, daga waje jinkar ciyawa kamar bukkar kowa, a ciki kuwa sanyin na'ura da gadon da in ka kwanta sai an jawo ka. Har da wurin ninkaya mai shuɗin ruwa, taku ashirin daga kogin da Allah ya shimfiɗa kyauta. Mutanen gari sun yi dariyar wannan har sun gaji.

Bunu ya san tsuntsaye irin sanin da mutum ke yi wa maƙiyinsa. Ya san lokacin saukar ɗinya, ya san inda kirinjijiya ke yini, yana gane gauraka da kukanta tun ba ta bayyana ba. Hajiya ta ba shi rigar kaki da malafa, ta kuma kafa masa doka guda: in baƙi suna kallo, ko tari ba a so.

To, gonar shinkafarsa tana gindin dandamalin katakon da baƙi ke hawa. Ita ce abincin gidansa na shekara, ta yi ido, saura mako biyu a yanka. Ya kewaye ta da igiya mai gwangwanaye, wadda in aka ja ta ko kurma sai ya waiwaya. Hajiya ta roƙe shi ya kwance ta na kwana uku kacal, saboda baƙon farko yana tafe. Ya kwance, ya ce kwana uku ai ba shekara ba ce.

Baƙon, Dakta Fatihu, likitan ido ne daga Kano, ya zo da matarsa Ramatu da kyamara mai hanci kamar taɓarya. Da mai girman kai ne da abin ya zo da sauƙi. Amma mutumin nan Baba yake ce wa Bunu, da hannunsa yake zuba masa shayi, ya kuma gaya masa shekara huɗu rabonsa da hutu. Duk tsuntsun da aka nuna masa sai ya rubuta a littafi yana murna kamar an yi masa haihuwa. Bunu ya rasa me ake gani a jikin zalɓe, amma mutumin ya shiga ransa.

A rana ta uku bayan la'asar suna kan dandamali, sai wani abu kamar hayaƙi ya taso daga wajen garin Guri. Jan-baki ne, 'yan ƙananan tsuntsayen nan da ke zuwa dubu-dubu, in suka sauka a gona sai dai mai ita ya yi salati. Suka yi kewaye biyu a sama, suka zubo kan shinkafarsa.

Dakta ya damƙe hannun Bunu, idonsa ya ciko da ƙwalla.

“Baba, don girman Allah kada ka motsa,” ya ce cikin raɗa. “Dubi yadda suke son ciyawar nan.”

Ciyawa. Likitan ido guda, ga madubin hangen nesa a wuya, bai bambance shinkafa da ciyawa ba.

Bunu ya karya doka ya yi tari. Ramatu ta buɗe jaka a hankali ta miƙa masa alewar tari. Ya cire malafa ya kaɗa ta sama kamar ƙudaje sun dame shi, ta miƙa masa mafici. Da ya ga haka sai ya matso ya ce ko ya kira salla ne, don dai ya san muryarsa tana kaiwa ƙetaren kogi. Dakta ya yi murmushi ya tuna masa ai tare suka yi la'asar, Bunun ne ma ya ja su.

Wani zai ce me ya hana shi buɗe baki ya ce gonarsa ce. Mai faɗin haka bai tashi a gidan su Bunu ba. A can baƙonka Annabinka, kuma ba a gaya wa baƙo cewa tuwon da ke gabansa shi ne na yaran gida. Mutum ya zo tun daga Kano, yana hawayen daɗi, ka ce masa daɗin nan daga rumbunka yake fita? Bunu ya tsaya da alewa a baki da mafici a hannu, yana jin ƙarar bakunan tsuntsayen kamar yayyafi a kan kwano.

Dab da magariba suka tashi don kansu, ba wanda ya kore su. Karan shinkafar da ɗazu ke sunkuye saboda nauyi duk ya miƙe tsaye.

Dakta ya share ido, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma zai ƙara kwana. Ya tambayi ƙarfe nawa za su hau dandamali gobe.

“Ba za su dawo nan ba, Likita,” in ji Bunu.

“Subhanallahi. Mun tsorata su ne, Baba?”

Bunu ya naɗe maficin ya miƙa wa Ramatu da hannu biyu.

“A'a, sun dai gama da tawa. Gobe ta Malam Sunusi za su ci, can ƙetare. In kana so, da sassafe sai in kai ka.”